Sikelin kan hanya: wace mota doka ta ce a auna, kuma ina matsayin ƙananan motoci?

Tambayar nan ta sha zuwa mana daga masu sauraro a Shetimari, Gagamari da cikin garin Difa, musamman yanzu da tattasai ya fara fita daga gonakin bakin Komadugu. Mai Hilux ko Land Cruiser da ya loda kayan gidansa zai tafi Damagaram, ko mai Hiace da ya ɗaura buhuna a sama, shin shi ma dole ne ya ratse ya hau sikelin da ake auna manyan motoci? Amsar a taƙaice ita ce a'a. Sai dai fa wannan a'a ɗin tana da bayani, kuma bayanin shi ne ya fi amfani ga mai ƙaramar mota.

Dokar da ake aiki da ita

Awon motoci a kan hanyoyin Nijar ya dogara ne da wata doka ta ƙungiyar UEMOA, wato ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma. Direbobi sun fi saninta da Doka ta 14. An amince da ita a Bamako ranar 16 ga Disamba 2005, kuma ta shafi abu uku: girman mota, nauyinta gaba ɗaya, da nauyin da ke kan kowane layin taya. Layin taya shi ne sandar da ta haɗa tayar dama da ta hagu, wadda takardun Faransanci ke kira esiyo.

Dokar ta ce da manyan motocin dakon kaya take. Babbar mota a wurinta ita ce wadda nauyin da aka yarje mata, ita da kayanta, ya haura tan 3 da rabi. Ke nan kamiyo mai taya shida, mai taya goma, tifa, tanka da tirela duk suna ciki. Ƙaramar motar gida, tasi, da yawancin motocin da muke kira bashe suna ƙasa da wannan iyaka, don haka ba su ne ake jira a wurin awo ba.

A lura da wani abu da ke rikita mutane. Ba nauyin da motar ke ɗauke da shi a ranar ake dubawa ba wajen sanin ko tana cikin manya, abin da aka rubuta a karti giris ake bi. Kamiyon da aka yi wa rajista da tan 18, ko da wayam ya taso daga Maine Soroa, babbar mota ne. Kuma ba a tambayar ko kayan na kasuwa ne ko na gida. Wanda ya yi hayar kamiyo don kai kayan ɗakin ƴarsa Gure, a idon mai awo daidai yake da ɗan kasuwar da ya loda siminti.

Iyakokin da aka rubuta

Layin gaba, wanda ake juya mota da shi, tan 6 ne. Layin baya guda ɗaya mai tagwayen taya, tan 12. Idan layi biyu ne a haɗe suna iya kaiwa tan 20, idan uku ne tan 25, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Daga nan ake fitar da jimilla: kamiyo mai layi biyu tan 18, mai layi uku tan 26, tirela mai layi shida tan 51.

Sai girma. Faɗi kada ya wuce mita 2.55, tsayi daga ƙasa zuwa saman kaya kada ya wuce mita 4. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi shafar mu mutanen Komadugu, domin busasshen tattasai ba shi da nauyi, cika wuri gare shi. Mota na iya hawa sikeli ta fita lafiya ta fannin nauyi, amma a kama ta don an gina mata buhuna kamar soro. Haka kwalayen bandar kifi. Siminti, shinkafa, takin zamani da kanwa kuwa akasin haka suke: kaya bai kai bakin bodi ba, amma tuni an wuce ƙa'ida.

Tarar da dokar ta rubuta jaka 20 ce ta sefa a kan kowane tan da ya yi yawa idan dakon na cikin ƙasa ne, jaka 60 idan na tsakanin ƙasashe ne, kuma akwai sassaucin kashi 5 cikin 100 saboda kuskuren sikeli. Tan goma na ƙari ke nan yana iya cin jaka 200, ko jaka 600 in kayan ƙetare iyaka za su yi. Bayan tara, doka ta ce a sauke abin da ya yi yawa kafin mota ta ci gaba, kuma ɗawainiyar saukewar da tsaron kayan a wuyan masu motar take. Gaskiya an sha ɗaga ranar aiwatar da dokar gaba ɗayanta a ƙasashen ƙungiyar, saboda kukan masu motoci cewa kuɗin dako ba ya biya sai an yi lodi fiye da kima. Kukan nasu ba ƙarya ba ne, wanda ya san farashin gazuwal da taya ya san haka. Amma kwaltar ba ta san da wannan ba.

Me ya sa aka ƙyale ƙananan motoci?

Ba son kai ba ne, lissafi ne. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Ilinoi ta Amurka sun gina hanyoyin gwaji, suka yi ta bin su da motoci masu nauyi daban-daban har kwalta ta lalace. Abin da suka gano shi ne ɓarnar da layin taya ke yi wa hanya tana gudu fiye da nauyinsa nesa ba kusa ba. In nauyi ya ninka biyu, ɓarna takan ninka wajen sau 16. Layin da ya kamata ya ɗauki tan 12, in aka ɗora masa tan 18, wucewarsa ɗaya daidai take da wucewar layi biyar masu bin ƙa'ida. Layin ƙaramar mota mai tan ɗaya kuwa, sai ya wuce sama da sau dubu 20 kafin ya yi abin da layi ɗaya mai tan 12 zai yi.

To ka ji dalili. Tsayar da kowace tasi a sikeli ɓata lokaci ne. Mu kuma da kwaltarmu guda ce tilo, hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta ratsa Maradi, Damagaram, Gure, Maine Soroa, Shetimari, Difa har Gigmi, mun fi kowa sanin abin da rami ke jawowa. Ta nan maras lafiya ke bi, ta nan abinci ke shigowa, ta nan tattasai ke fita. In ta mutu, kuɗin mota ne ke tashi a kan kowa.

A ƙasashen da mutane ke yawon buɗe ido da motoci masu ɗaki a ciki, da gado da madafa, su ma wannan muhawarar suke yi. A Amurka kowace jiha da tsarinta, amma a mafi yawansu wuraren awo na motocin kasuwanci ne. A Faransa iyakar tan 3 da rabi ɗin nan ita ce ta raba abin da mai ƙaramin permi zai tuƙa da abin da sai mai babban permi. Amma ko can, rashin hawa sikeli bai ba mutum izinin wuce nauyin da aka rubuta wa motarsa ba.

Sikelin mai ƙaramar mota

Nan ne maganar take. Kowace mota tana da iyakarta, tana nan a karti giris, tana kuma jikin wani ɗan ƙarfe ko takarda da kamfani ya liƙa kusa da ƙofar direba ko cikin gidan inji. Haruffan PTAC su ne nauyin da bai kamata a wuce ba, mota da mutane da kaya duka. PV nauyin motar ne ba kaya. In ka cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne abin da za ka iya ɗorawa. Ga yawancin bashe irin namu, wajen tan ɗaya ne kacal.

Mu lissafa tare. Mutum uku a gaba, ka ce kilo 200. Buhun shinkafa goma masu kilo 50, kilo 500 ke nan. Duro ɗaya na gazuwal mai lita 200, da ƙarfensa, wajen kilo 190. Jarka huɗu ta ruwa masu lita 25, kilo 100, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce. Mun kai kilo 990, kuma motar ba ta ma yi kama da wadda aka loda ba. Yanzu mutum shida su hau sama kamar yadda ake yi ranar kasuwar Gagamari, an ƙara kusan kilo 400. Babu ma'aikacin awo da zai tsayar da ita, amma birki zai ji, sifirin zai ji, taya za ta ji.

Ita ma taya tana da lambarta a gefe, wadda ke biye da girmanta. In ka ga 100, kilo 800 take ɗauka. In 112 ce, kilo 1,120. Wannan kuwa sai da cikakkiyar iska. Taya mai ƙarancin iska, da kaya fiye da kima, a kan kwaltar watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ita ce ke fashewa ana tsakiyar gudu. Mu dai in za a tambaye mu, tayar gwanjo da aka riga aka ci rabin ranta a wata ƙasa bai kamata a yi mata lissafi da lambar da ke jikinta ba ma.

Inda aka ɗora kayan shi ma yana da nasa. Buhunan da aka jera a can ƙarshe, ko a kan ƙofar baya da aka saki aka ɗaure da igiya, suna danne layin baya suna ɗaga gaba. Direba zai ji sitiyari ya yi sakayau, fitila na haska sama, mota ba ta jin juyi a kwana. Masu nauyi su zauna kusa da kan direba, a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kuma in hatsari ya auku, jandarma na rubuta yawan mutane da kaya a rahotonsu, kamfanin asirans kuma na iya kafa hujja da hakan lokacin biya.

Wanda ya samu dama ya auna motarsa a babban sikelin da mota ke hawa, irin wanda ake samu a manyan sito da wuraren aikin hanya, ya je da ita yadda yake tafiya da ita: tanki cike, mutane a ciki, kaya a ɗaure. Ya fara ɗora tayoyin gaba kawai a rubuta, ya hau gaba ɗaya a rubuta, sannan ya gusa har ya rage tayoyin baya kaɗai a kai. Lamba ta farko da ta uku in an haɗa su za su zo kusa da ta biyu. Sai ya gwada su da abin da ke jikin ƙarfen kamfani, inda galibi lamba 1 ke nufin iyakar layin gaba, lamba 2 ta layin baya. Sau da yawa jimilla ba ta wuce ba, na baya ne ya wuce, kuma matsar da buhu uku ko huɗu zuwa gaba ya isa ya gyara.