A Wane Gida? Tarihin Lasisin Giya a Kudancin Katsina

Wanda ya san Danja ta yau, garin rake da tumatir, zai yi mamakin jin cewa an yi zamanin da babbar tambayar hukuma kan giya a wannan yanki ita ce: a wane gida za a sayar?

Tushen maganar yana Turai. A 1890 aka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana kai barasa yankunan Afirka da shanta bai yaɗu ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin mallaka a Arewa a 1900, sai ya riƙe wannan hani. Dokar Giya ta 1917 kuma ta kasa Nijeriya kashi uku: inda aka haramta, inda aka taƙaita, da inda ake sayarwa da lasisi.

Tun daga nan bayanin wuri ya zama ƙashin bayan takardar neman izini. Lasisi da sunan mutum yake fita, amma a ɗaure yake da gini guda. Wajibi ne mai nema ya fayyace inda ginin yake, ya kuma faɗa ko a ciki za a sha, ko saye za a yi a tafi. Idan ya sauya gida, sai ya sake neman amincewar hukuma. Wannan bayani ne ya ba maƙwabta bakin magana, domin kusanci da wurin ibada, makaranta ko asibiti hujja ce ta ƙin yarda.

Layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, shi ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwar auduga daga nesa. Kamar a Kano da Zariya, giyar kwalba ta sami mazauni a unguwannin baƙi. Burukutun Maguzawan ƙasar Malumfashi kuwa, wanda ake dafawa da dawa a cikin gida, lissafinsa daban ne, yana hannun hukumar En'e.

Da Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, hani ya game jihar, tambayar "a wane gida" ta kau daga kan giya. Sai dai tana nan da ranta a wasu sana'o'in. Duk lokacin da za a gina otal ko gidan mai a tsakiyar unguwa, maƙwabci ba zai iya kare haƙƙinsa ba sai takarda ta nuna masa ainihin filin da ake nufi.