Hanyar Machame: Abin da ya kamata a sani kafin hawa Dutsen Kilimanjaro

Dutsen Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, kuma da tsayin mita 5,895 babu dutsen da ya kai shi a Afirka. Tsohon dutse ne mai aman wuta, mai kawuna uku: Kibo da Mawenzi da Shira. A kan Kibo ƙololuwar take. Bajamushe Hans Meyer da abokin tafiyarsa Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya ne suka fara taka ta a watan Oktoban 1889, suka raɗa mata sunan sarkin Jamus. Bayan samun 'yancin Tanganyika a 1961 aka sauya sunan zuwa Uhuru, wato 'yanci da Suwahili. An ayyana dutsen a matsayin gandun daji na ƙasa a 1973, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Dubban mutane ke hawansa duk shekara, mafi yawansu ba ƙwararru ba ne, domin ba a buƙatar igiya ko gatari. Cikin hanyoyin da ake bi, biyu suka fi jama'a. Marangu tana da ɗakunan kwana kuma gangarenta da sauƙi, shi ya sa ake mata laƙabi da hanyar Coca-Cola. Machame kuwa a tanti ake kwana, hawanta ya fi tsauri, sai aka yi mata laƙabi da hanyar wuski. Tsawonta kimanin kilomita 62 ne, hawa da sauka, ana cinye shi cikin kwana shida ko bakwai.

Yadda tafiyar take

Daga garin Moshi mota ke kai mutum Ƙofar Machame, a tsayin mita 1,800 ko kusa da haka. Ranar farko cikin kurmi ake yin ta, ga laka, ga yayyafi, ga birai a kan itatuwa, har a kai zangon farko a kimanin mita 3,000. Domin a gane girman abin: Chappal Waddi da ke gandun Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, wanda babu wurin da ya fi shi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan tun daren farko mai hawa ya kwana sama da duk wani tudu na ƙasarmu. Rana ta biyu itatuwa suna ƙarewa, a shiga filin Shira mai iska da sanyi.

Rana ta uku ita ce sirrin wannan hanya. Ana haurawa zuwa wani tsauni da ake kira Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro Barranco a kwana ƙasa da mita 4,000. Wanda bai sani ba zai ce an yi asarar wuni guda, tunda inda aka kwana bai fi na jiya tsayi da wani abin kirki ba. Amma da gangan aka tsara haka: jiki ya ɗanɗana ƙarancin iska da rana, ya huta a ƙasa da dare.

Washegari sai katangar Barranco, bangon dutse mai tsayin mita 250 da 'yan kai, wanda daga zango yake kama da abin da ba ya hawuwa. A nan ake ajiye sanduna a kama dutse da hannu. Akwai wata matsattsiyar gaɓa da sai mutum ya rungumi dutsen ya tsallaka, fuskarsa manne da shi, har ake ce wa wurin dutsen sumba. Tsoronta ya fi haɗarinta yawa, kuma abin da ya fi damun mutane a lokacin cunkoso shi ne layi, don ana iya tsayawa jiran na gaba kamar a tashar mota, 'yan dako kuma suna ratsawa da kaya a ka.

Zangon ƙarshe shi ne Barafu, wato ƙanƙara da Suwahili, a kimanin mita 4,670. Wajen tsakar dare ake tashi, da fitila ɗaure a goshi, a yi awa shida zuwa bakwai ana hawa kan tsakuwa mai zamewa, cikin sanyin da kan wuce digiri 10 ƙasa da sifili, har ruwan gora ya daskare. Da ketowar alfijir ake isa bakin ramin dutsen, wurin da ake kira Stella, mita 5,756. Daga nan zuwa Uhuru kimanin awa guda ce. Ba a daɗewa a sama: hoto, sai juyawa. A ranar ake sauka har zuwa zangon Mweka, kusan mita 3,100, tafiyar da gwiwoyi ba sa mantawa.

Ciwon tsauni

Abin da ke mayar da mutane baya ba ƙarancin ƙarfi ba ne. A ƙololuwa, numfashi guda yana kai wa jiki kusan rabin iskar oksijin da yake kaiwa a bakin teku, kuma jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba. Alamun farko su ne ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci da ƙin abinci. Idan aka yi taurin kai, ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa cikin ƙanƙanin lokaci. Tari mai kumfa, haki ko a zaune, tangaɗi kamar mashayi, ko magana ba kan gado, duk alamu ne na a sauka nan take, ko da tsakar dare ne. Ciwon ba ya duba shekaru ko ƙirar jiki. Sau da yawa matashi mai ji da ƙarfi, wanda ya ƙi jin 'yan jagora suna cewa "pole pole", wato sannu a hankali, shi ake fara saukowa da shi. Likitoci kan rubuta maganin Diamox don taimaka wa jiki ya saba, amma ba ya maye gurbin lokaci. A ganinmu, wanda ya zaɓi kwana shida maimakon bakwai don rage kuɗi ya yi tsimi a inda bai kamata ba.

Akwai batun da ya shafi 'yan Najeriya musamman. Mai cutar sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tsayi ba. Hatta mai rukunin jini AS, wanda ba ya jin komai a Kano ko Abuja, an san saifarsa na iya toshewa a kan tsauni. Duk mai niyya ya san rukunin jininsa, ya ga likita, haka ma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma. Ana son a sha lita uku zuwa huɗu na ruwa kullum, don haka a duba kalanda kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Doka da kuɗi

Ba a yarda kowa ya hau shi kaɗai ba. Dole a bi ta kamfani mai rajista da ɗan jagora mai lasisi, kuma yaro sai ya kai shekara 10. Da kuɗin shiga gandu da abinci da tanti da albashin ma'aikata, tafiyar kan kai dala 2,000 ko fiye, ban da jirgi da tukuici. Kowane baƙo yana da 'yan dako uku ko fiye a bayansa, kuma ƙa'ida ta taƙaita kayan da kowannensu zai ɗauka a kilo 20. Idan farashi ya yi araha fiye da kima, galibi daga albashi da abinci da rigar sanyin waɗannan bayin Allah aka zabge shi. Wata ƙungiya mai suna KPAP tana wallafa sunayen kamfanonin da suka yarda a sa ido kan yadda suke biyan 'yan dako, kuma ya dace a duba kafin a tura kuɗi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, Nuwamba ma akwai ruwa. Filin jirgin saman Kilimanjaro yana tsakanin Moshi da Arusha, kuma daga Najeriya an fi bi ta Adis Ababa. Mai fasfon Najeriya ba ya samun biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida da isasshen lokaci, ya kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara. Tanzaniya ta haramta leda tun 2019.

A Ƙofar Mweka hukumar gandun ke ba da takardar shaida: koriya ga wanda ya tsaya a Stella, mai ruwan zinare ga wanda ya kai Uhuru. Ƙanƙarar da zai gani a can sama kuwa saura ce kawai, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda aka auna a 1912 ta riga ta tafi.