Darar Turawa: kariyar Faransa da rassanta da suka fi farin jini

A Mallawa da sauran garuruwan Magarya da Dungas, in aka ce dara, ramuka 30 ake nufi a cikin rairayi, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, yana neman jera uku a layi. Darar Turawa, wadda a faransanci ake kira échecs, tana da gida 64, kowane ɓangare da ƴaƴa 16, kuma mai farare ne ke fara taku. Don haka tambayar farko ga mai baƙaƙe ita ce yadda zai tare harin. Ɗaya daga cikin tsofaffin amsoshi ita ce kariyar Faransa.

Farkonta ba wuya. Mai farare ya tura dakaren da ke gaban sarki gida biyu zuwa e4, mai baƙaƙe ya tura nasa gida ɗaya tak zuwa e6. Sai fari ya ƙara d4, baƙi ya amsa da d5. Sunan ya samo asali ne daga karawar da aka yi ta wasiƙa tsakanin ƴan wasan Landan da na Paris daga 1834 zuwa 1836, inda ƴan Paris suka yi wannan taku suka kuma yi nasara.

Amfaninta shi ne baƙi yana gina katangar dakaru mai wuyar fasawa, daga baya ya kai farmaki tsakiya ta c5. Aibinta kuma kowa ya san shi: wawan da ke c8 (haka Faransawa ke kiran ɗan da ke tafiya a karkace, Larabawa kuwa giwa suke ce masa) yana maƙalewa bayan dakarunsa, wani lokaci har a gama wasa bai tsinana komai ba.

A taku na uku ne hanya ke rabuwa, kuma fari ne ke fara zaɓe. In ya tura dakare zuwa e5, tsakiya ta rufe. Aron Nimzowitsch ya yi wa wannan reshe hidima a farkon ƙarni na 20. Aikin baƙi a nan a bayyane yake: ya taru a kan dakaren d4 da c5, da doki a c6, da sarauniya a b6. Wanda ke koyo ya fara da wannan, don dabarar ba ta canzawa. In kuwa fari ya ci dakaren d5 aka rama, an shiga reshen musaya, wanda ya yi suna wajen ƙarewa da kunnen doki.

Reshen Tarrasch, inda fari ke ajiye doki a d2, na masu taka-tsantsan ne. Anatoly Karpov ya yi ta amfani da shi a kan Viktor Korchnoi a karawarsu ta 1974 a Mosko.

Rigimar gaske tana farawa ne in dokin ya je c3. Nan baƙi ke da zaɓi. Zai iya kai wawansa na ɗaya gefen zuwa b4 ya ɗaure dokin, shi ne reshen Winawer, da sunan Szymon Winawer ɗan ƙasar Polan. Yawanci fari na tura e5, baƙi c5, fari a3, sai baƙi ya ba da wawan ya ci dokin. Ya lalata wa fari jerin dakaru, amma ya bar gefen sarkinsa ba mai gadi. Sarauniyar fari sai ta faɗo g4 tana hararar g7. A layin da ya fi zafi, baƙi na ƙyale ta ta cinye dakarun g7 da h7, shi kuma ya samu buɗaɗɗiyar hanya ga hasumiyarsa. Wanda bai haddace takun ba, gara ya kauce wa wannan layi, don kuskure ɗaya ya isa. Mikhail Botvinnik ya dogara da Winawer shekaru da dama. Bajamushe Wolfgang Uhlmann, wanda kusan duk rayuwarsa kariyar Faransa yake yi, da shi ya doke Bobby Fischer a Buenos Aires a 1960.

Ɗaya zaɓin shi ne doki zuwa f6, reshen gargajiya. In fari ya kore shi da e5, dokin ya koma d7, an shiga layin Steinitz. A ganina wannan ya fi dacewa da ɗan wasa mai matsakaicin ƙarfi, domin baƙi bai rabu da wawansa mai amfani ba, kuma yana da farmaki biyu a hannu, c5 da f6. Akwai kuma reshen Rubinstein, inda baƙi ke cin e4 tun da wuri ya haƙura da ƙaramin fili.

An daɗe ana cewa manyan zakaru sun yi watsi da wannan kariya sun koma ta Sisiliya da e5. Ding Liren na Sin ya dawo da ita fagen gasar duniya. A Astana a 2023 ya gwada ta a wasa na 7 da Ian Nepomniachtchi, lokaci ya ƙure masa ya sha kashi, duk da haka shi ya ɗauki kambin. A Singafo, ranar 25 ga Nuwamba 2024, ya sake fito da ita a wasan farko da Gukesh na Indiya, aka bi layin Steinitz, kuma Ding ya ci da baƙaƙe. A wasa na 5 Gukesh ya koma reshen musaya aka tashi kunnen doki. A ƙarshe Gukesh, mai shekara 18, ya karɓe kambin da maki 7,5 da 6,5.

Mai wayar Android da ɗan kuɗin intanet zai iya bin waɗannan wasanni taku bayan taku a Lichess, dandalin kyauta da wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya buɗe a 2010. Sai dai a lura da haruffa: a littattafan faransanci C doki ne, F wawa, T hasumiya, D sarauniya, R sarki, amma a na ingilishi R hasumiya ce.