Motar da kullum tana gareji: haƙƙin mai saye da wa'adin da doka ta ba shi

A Tchaké da sauran garuruwan gundumomin Mayahi da Tasawa, mafi yawan motocin da ake saye na hannu ne. Waɗansu sun shigo ta tashar jiragen ruwan Kwatano ko ta Lome, waɗansu daga Najeriya, kuma sau da yawa a Maraɗi ake cinikinsu. Idan irin wannan mota ta fara ciwo guda tana maimaitawa, yau inji ya yi zafi, an gyara, bayan mako biyu ya sake, abin da aka saba ji daga bakin mai sayarwa shi ne "kawo ta a duba". Mai saye kuwa yana da haƙƙin da ya wuce dubawa, amma haƙƙin yana da wa'adi, kuma wa'adin yana tafiya ko da motar tana kwance a gareji.

Tushen haƙƙin yana cikin kundin Code civil da Nijar ta gada daga Faransa, daga aya ta 1641 zuwa ta 1649. Mai sayarwa ne ke ɗaukar nauyin ɓoyayyen aibin da ya hana a mori abin da aka saya, ko ya rage amfaninsa har da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan kuɗi ba. Sai aibin ya kasance mai nauyi, ya kasance yana jikin motar tun kafin ciniki, kuma ba wanda ido ke gani ba. Tsagaggen gilashi da taya da ta cinye ba su shiga, domin aya ta 1642 ta sauke wa mai sayarwa nauyin duk abin da mai saye zai iya gani da kansa. Tsufa ma ba aibi ba ne: wanda ya sayi motar da ta shekara 20 a kan hanya ba zai nemi lafiyar sabuwa ba. Amma injin da ya tsage aka liƙe, ko giyar da ta mutu aka lallaɓa don ta kai ranar ciniki, wannan wata magana ce.

Idan aibin ya tabbata, aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mayar da mota ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe ta a rage masa wani abu. Zaɓin nasa ne, ba na mai sayarwa ba. In mai sayarwa ya san aibin ya yi shiru, aya ta 1645 ta ƙara masa biyan diyyar asarar da ya jawo. In bai sani ba, kuɗin mota da na ɗawainiyar ciniki kawai zai mayar. Kalmar "yadda ka gan ta haka ka saya" tana iya kare wanda bai san aibin ba, amma ba ta kare wanda ya ɓoye shi.

Wa'adi iri biyu

Nan ne mutane suka fi yin asara. Aya ta 1648 ta ce a shigar da ƙara cikin ɗan gajeren lokaci, gwargwadon irin aibin da al'adar wurin da aka yi ciniki, ba ta faɗi adadin kwanaki ba. Alƙali ne ke aunawa. Faransa ta gyara tata ayar a 2005 ta mayar da wa'adin shekara 2 daga ranar da aka gano aibin, shi ya sa wanda ya karanta shawarar lauyan Faransa a intanet yana iya zaton yana da lokacin da ba shi da shi. Wannan wa'adi mara adadi shi ke hawan wanda ya sayi mota don kansa da iyalinsa.

Ɗan kasuwa kuwa lissafinsa daban. Mai sana'ar sufuri da ya sayi Hiace ko Hilux daga dillalin motoci don jigilar fasinja ko gero da wake zuwa kasuwannin Mayahi da Tasawa, cinikinsu na tsakanin 'yan kasuwa ne, dokar OHADA kan harkar kasuwanci da aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010 ita ke aiki a kansa. Aya ta 258 ta ba shi wata 1 daga ranar da ya karɓi mota ya sanar da mai sayarwa aibin da yake a fili, in ya wuce haƙƙin ya faɗi. Aya ta 259 ta ba shi shekara 1 a kan ɓoyayyen aibi, daga ranar da ya gano shi ko ranar da ya kamata a ce ya gano. Wannan gaɓa ta ƙarshe tana da kaifi: motar da ta fara cin ruwa tun makon farko, da wuya a yarda cewa sai bayan wata takwas mai ita ya lura.

A Amurka jihohi suna da dokokin da ke ƙidaya gyara. A Kalifoniya, sabuwar motar da aka kai gyara sau 4 a kan ciwo guda, ko ta kwana fiye da 30 a gareji cikin wata 18 na farko, ana ɗaukarta ta cancanci a canza ko a mayar da kuɗi. Code civil bai ƙidaya haka ba. Yawan komawa gareji hujja ce kawai ta nauyin aibin, kuma ba ta da ƙarfi sai an rubuta ta.

Saboda haka takarda ita ce rabin shari'ar: takardar ciniki mai kwanan wata da sa hannun shaidu, rasit na kowane gyara, saƙonnin WhatsApp da mai sayarwa ya amsa cewa zai gyara. Kafin a bar bakanike ya farke inji ya zubar da kayan da suka lalace, ya kamata a sanar da mai sayarwa a rubuce, in da hali ta hannun usiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, sannan a nemi kotu ta naɗa gwanin da zai duba motar. In an riga an canza komai, babu abin da zai nuna cewa aibin ya girmi cinikin. Ci gaba da lodi da motar bayan an gano aibin shi ma yana raunana ƙara. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da ɗaukar irin wannan a matsayin alamar yarda da aibi, kuma mai sayarwa ba zai rasa kawo wannan magana ba.

Sulhu a gaban mai gari ko sarki ya fi sauƙi da arha, doka ma ta san da shi. Sai dai a sa wa zaman rana, a rubuta abin da aka daidaita a kai, kada ya zama jeka-ka-dawo har wa'adi ya cika. In sulhu ya ƙi, a ƙa'ida ana kai ƙara kotun wurin da wanda ake ƙara yake zaune. Mutumin Tchaké da ya sayi mota hannun dillali a Maraɗi, can Maraɗin zai bi shi, ba Mayahi ba. Motar da kotu ta yi gwanjonta kuwa, aya ta 1649 ta fitar da ita daga wannan lamuni gaba ɗaya.