Takobin Nijar da kunnuwan mutanen Gumel

Wannan makon kokawa za mu taɓa, kuma daga Gagarawa Tasha muke kallonta.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu, daga Gumel zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, ya san yadda hira ke sauyawa idan hunturu ya kama, aka shiga kwanakin ƙarshe na gasar takobi ta Nijar. A teburin mai shayi ba a tambayar wa ya yi nasara jiya. Tambayar ita ce, saura mutum nawa ba su faɗi ba? Wannan lissafi shi ne ran gasar. Jahohi takwas ne, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, mutum 80 ke nan. Jaha na karawa da jaha, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya yi sallama da takobin wannan shekara, ko da zai ci gaba da shiga fage don kare sunan jaharsa. Kullum adadin sai raguwa yake yi, har a wayi gari saura 'yan ƙalilan. A nan ne mai sauraro ke kasa cin tuwo cikin natsuwa.

Gasar ba ta tsufa kamar yadda wasu ke zato ba. A 1975 aka fara ta a Tawa, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki, ƙasa kuma ba ta gama farfaɗowa daga fari da yunwar 1973 zuwa 1974 ba. Gwamnatin soja na neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu a inuwa guda, sai ta ɗauko wasan da kowane ƙauye ya riga ya sani. Kokawa ce ta kaka, wadda samari ke yi bayan an kai gero rumbu. Sai aka yi mata alƙalai da agogo da dokoki, aka kuma ce kowace shekara wata jaha za ta karɓi baƙunci. Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, shi ya fara ɗaukar takobin. Yau filin kokawa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa.

To mu me ya haɗa mu da takobin wata ƙasa? Sai mu ce, wace watar ƙasa? Tumbi, inda sarautar Gumel ta zauna kafin ta dawo Gumel a ƙarni na 19, yau tana cikin Nijar. Tsakaninmu da Damagaram an yi yaƙi, an yi aure, an yi ciniki, tun kafin Ingila da Faransa su ja layinsu. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari cike take da mutanen Dungas da Magarya. Shi ya sa idan ɗan Damagaram ya rage cikin waɗanda ba a kayar ba, da yawanmu ba ma ɓoye inda zuciyarmu ta karkata. Abin dariya ne idan aka tuna cewa kakannin waɗannan da muke yi wa tafi su ne suka riƙa kawo wa ƙasar Gumel hari a zamanin Sarki Tanimu. Kokawa ta shafe wannan, ko kuwa ta mayar da shi tsokana.

Yawancinmu ba mu taɓa zama a filin ba. Da kunne muka san gasar. Rediyon Nijar ne ya koya mana ita, mai sharhi na ɗaga murya, ganga na tashi a bayansa, sai kowa ya zana kamun da kansa a zuci. Marubuci yana da abin koyo a nan. Mai sharhin kokawa ba ya da lokacin ado. Minti biyar na iya wucewa mutum biyu na zagaya juna, suna taɓa ƙasa, suna gwada hannu, ba abin da ya faru, amma dole ya riƙe ka. Sai ya cika wurin da asalin ɗan wasa, ƙauyensu, wanda ya kayar bara, layun da ya ɗaura. Kayen kuwa cikin ƙiftawar ido yake zuwa, kuma kalma ɗaya ta ishe shi. Yanzu waya ta kawo hoto, amma a ganinmu ta rage wani abu, don ido ba ya ba mutum aikin da kunne ke ba shi.

A Jafan suna da irin tasu, sumo, gasa shida a shekara, kowace kwana 15. Can ana iya kayar da mutum sau biyu ko uku ya kuma ɗauki kofi, don yawan nasara ake ƙirgawa. Tamu ta fi rashin tausayi.

Ƙarshen 2023 ya nuna nauyin abin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyaka, Maigatari ta yi tsit, 'yan kasuwa na kuka ta kowane ɓangare. Duk da haka a watan Disamba aka yi gasa ta 44 a Agadas, kuma Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi karo na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Tirela ba ta iya ƙetarawa, amma labarin kayen ya iso Tasha tun kafin 'yan kallo su watse daga fili.

Inda abin ke damun mu shi ne wannan. Muna iya jero sarakunan kokawar Nijar shekara bayan shekara saboda hukuma ta riƙe lissafi, ta kuma liƙa sunaye a ƙofar filaye. Namu fa? Garin nan tashar jirgi ce ta haife shi, a kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da shi an yi kokawar kaka shekaru masu yawa, an yi gwanayen da har yanzu akwai dattawan da suka ga kamunsu. Sunayen suna bakin waɗannan dattawa ne da bakin tsofaffin makaɗa, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Duk wanda ke neman abin rubutawa cikinmu, ya ɗauki littafi da biro ya je wurin mafi tsufan makaɗin garinsu. Ya tambaye shi wa ya fi wahalar kayarwa, a wane dandali, shekarar wane sarki, kuma wa ya zo daga baya ya kayar da shi. Ya rubuta da sunan ƙauye, ya kawo mana nan mu haɗa da na sauran.