Shiru da Magana: Tarihin 'Yan Wasa Masu Neman Jinsi Ɗaya a Ƙwallon Gora ta Kan Ƙanƙara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin yadda aka fara magana a fili game da masu neman jinsi ɗaya a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Wasa ne na ƙasashe masu sanyi, musamman Kanada da Amurka, inda ake ɗaukarsa ma'aunin jarumtar ɗa namiji, kamar yadda samarin karkarar Karaye da Rogo suke ɗaukar dambe da kokawa bayan girbi. Ke nan, wanda aka yi zargin mazakutarsa a irin wannan fage, sana'arsa ce da mutuncinsa suke cikin haɗari.

2.0 Yadda Shirun Ya Karye

An kafa babbar ƙungiyar wasan, watau NHL, a birnin Montreal cikin 1917. Shekaru suka yi ta shuɗewa ba a sami ɗan wasanta ko ɗaya da ya fito ya faɗi haka game da kansa ba. Mafarin canji shi ne Brendan Burke, ɗalibi mai kula da 'yan wasan Jami'ar Miami ta Jihar Ohio. Tun yana makarantar sakandare ya daina wasa don tsoron kada abokansa su gane shi. A watan Nuwamba 2009 ya bayyana wa duniya halinsa.

Abin lura a nan shi ne mahaifinsa, Brian Burke, wanda a lokacin shi ne babban manajan ƙungiyar Toronto Maple Leafs, mutum ne da aka sani da zafi da son wasan ƙarfi. Bai kore ɗansa ba, sai ma ya tsaya masa a bainar jama'a. Ranar 5 ga Fabrairu 2010 Brendan ya rasu a hatsarin mota a Jihar Indiana, yana da shekara 21. Daga nan wansa Patrick da wasu mutum biyu suka kafa ƙungiyar You Can Play a 2012, bisa hujjar cewa gwaninta kaɗai ya kamata a duba wajen ɗan wasa. NHL ta ƙulla yarjejeniya da ita a 2013. Amma sai a watan Yuli 2021 ne Luke Prokop, ɗan shekara 19 wanda Nashville Predators ta ɗauka, ya zama na farko mai kwantiragi da ƙungiyar NHL da ya fito fili, watau shekara 104 bayan kafa ta.

Duk da haka, gardama ba ta mutu ba. A 2023 wasu 'yan wasa suka ƙi sa rigar nuna goyon baya saboda addininsu, har NHL ta hana irin waɗannan riguna.

3.0 Waiwaye Gida

Ƙasar Hausa ba ta da wannan wasa, amma ta san irin wannan shiru. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a kan 'yan daudu a Kano, ya nuna a littafinsa na 2009 cewa jama'a sun daɗe suna zaune da su, ana sayen abincinsu a kasuwa da tasha, kowa ya kama bakinsa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, da dokar tarayya ta 2014 mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, wannan zaman kawaici ya ƙuntata ƙwarai.

4.0 Kammalawa

Darasi biyu ne ga mai nazarin tarihi. Na farko, shiru ba hujja ba ce ta babu; sau da yawa alama ce ta tsadar magana. Na biyu, a tarihin wannan wasa, ba hukuma ce ta fara buɗe ƙofa ba, uba ne da ya ƙi yar da ɗansa. Hukuma ta biyo baya, kuma da iska ta juya, ita ce ta fara ja da baya.