Ganuwar Fort Jesus

Fort Jesus tsohuwar ganuwar soja ce da ke bakin Tekun Indiya, a tsibirin Mombasa na ƙasar Kenya. Turawan Fotugal ne suka gina ta da dutsen murjani daga 1593 zuwa 1596, domin tsare mashigar tashar jiragen ruwa da hanyar fatauci zuwa Indiya.

Ganuwar ta sha yaƙi. A 1631 Sarkin Mombasa Yusuf bin Hasan ya hallaka sojojin Fotugal da ke cikinta. Larabawan Oman kuma sun yi mata ƙawanya tun daga 1696, suka toshe hanyar abinci, yunwa da annoba suka ci mafi yawan masu tsaronta, har ta faɗa hannunsu a Disamba 1698. Daga baya zuriyar Mazrui ta riƙe ta zuwa 1837. Turawan Ingila sun mayar da ita kurkuku daga 1895 zuwa 1958.

Yanzu gidan tarihi ce. Mai ziyara yana ganin manyan bindigogin igwa a jere da zanen jiragen ruwa da matuƙan Fotugal suka yi a bango. UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.